Gem Mai Hannu Biyu

Akwai wani direban babbar mota da mutanen gidansa suka laƙaba wa suna Sai-na-dawo. Ko gishiri ka ce ya miƙo maka, sai ka ji ya ce sai na dawo. Sati uku yana hanya, kwana uku yana gida, biyu daga ciki kuma barci ne.

Yana da 'ya, Auta, shekararta goma sha ɗaya. Da can in ta ji ƙarar motarsa, da takalmi ɗaya take fitowa. Yanzu kuwa in ya kira waya, sai ta ce, "Lafiya lau, Baba," ta miƙa wa uwarta. Wannan lafiya lau ɗin ta fi ramin titi jijjiga shi. Yakan tsaya a bakin hanya ya buɗe tsohon hotonta, na lokacin da take da giɓi, ya yi ta kallo har shayinsa ya huce.

Wata rana ya daure ya tambaye ta tsarabar da take so. Ta ce, "Gem, Baba. Amma mai hannu biyu."

Ranar da ya dawo ko gida bai leƙa ba, ya zarce shagon Mai Gem, mai sayar da na'urorin wasan da ake jonawa a talabijin. Ɗan tsukukun shago ne, wayoyi sun sarƙe a bango kamar igiyar shanya. Mai Gem ya ɗora masa guda biyu a kan kanta: ɗaya sabo fil a kwali, ɗaya tsohon yayi, gefensa duk ya koɗe.

Direba ya ce, "Ka ji yarinyata. Na hannu ma bai ishe ta ba, wai sai wanda ya bi ta hannun mutum biyu. Tausayin aljihuna take ji."

"Direba, ba haka ake nufi ba. Shi hannu..."

"Shekara ashirin ina sayen kayan mota, kai ne za ka koya min na hannu? Miƙo sabon."

Mai Gem ya miƙa masa sabon. Ga wanda bai sani ba, abin nan mai maɓallai da ake riƙewa a buga, shi 'yan gem suke kira hannu. Sabon kuwa, hannu ɗaya ne tal a kwalinsa.

A gida Auta ta buɗe kwali. Ta leƙa, ta kife shi, ta girgiza. Sannan ta ce, "Na gode, Baba," da muryar nan ta lafiya lau.

Kwana biyu tana bugawa ita kaɗai, shi yana kujera a bayanta. Ya sayi gem don ya ga fuskar 'yarsa, sai ga shi ƙeya yake kallo.

Rana ta uku, matarsa tana ninke masa kayan tafiya, ta ce, "Baban Auta, ka ga matasan zama biyun nan a gaban talabijin? Tun wancan satin ta jera su. Ɗaya nata. Ɗayan kuwa ko ni ta hana in zauna a kai."

Ya matsa kusa da yarinyar. "Auta, wai mene ne hannu biyu?"

Ta ɗaga na hannunta. "Wannan ɗaya ke nan, Baba. Na biyun naka ne."

Bai san lokacin da ya sa takalmi ba.

Mai Gem yana hango shi ya ce, "A'a, malamin na hannu, karatu ya dawo?"

"Bar tsiya, ka ba ni hannu ɗaya ƙari."

"Na sabon ya ƙare, sai sati mai zuwa. Tsohon dai ga shi nan da hannayensa biyu. In ka yarda, mu yi musanya."

Direba ya dubi sabon, mai hoto garau kamar mutum ya sa hannu ya taɓa. Gobe da safe zai kama hanya. Har "sai na dawo" ta iso bakinsa, ya haɗiye ta da ƙyar kamar ƙwayar magani. Ya ce, "Ɗaure min tsohon."

Da la'asar suka zauna a kan matasan nan, suka sa tseren mota. Mutumin da ya shekara ashirin bai taɓa buge ko akuya ba, ana tashi ya afka wa katanga. Ya yi baya, ya faɗa kogi. Auta ta yi dariya har da kwanciya.

"Baba, wa ya ba ka lasin?"

"Birki ne ya shanye. Sake sa mana."

Da safe ta naɗe hannun gem ɗinsa a ɗankwalinta, ta ɗora a kan matashinsa. Ta biyo shi har bakin mota, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Sau bakwai na cinye ka, Baba. Sai ka dawo."

Yanzu in ya tsaya shan shayi a hanya, za ka ga manyan yatsunsa suna danna bakin kofi. Wai atisaye yake yi. Saura kwana goma sha tara.

Darasi: Kafin ka buɗe aljihu, buɗe kunne. Sau da yawa yaro ba tsadar kaya yake roƙo ba, zamanka kusa da shi yake nema. Ku tura wa duk wani Sai-na-dawo da kuka sani, ko da shi ne kuke gani a madubi.