Kurege da Dunƙulen Kilishi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu gyangyaɗi a bakin wuta.

Ta zo mu ji ta, idonmu biyu.

Wata shekara da kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, sai Kare, Sarkin Pawan dawa, ya sa aka yi shelar dambe. Ya ce duk wanda ya naɗa hannu baƙonsa ne, zai ci nama har a tashi wasa.

Kurege na bakin raminsa yana gaigayar busasshiyar gyaɗa ya ji. Kun dai san Kurege: jiki kamar ludayi, baki na mutum goma, ga wutsiya buzu-buzu wadda yake ji da ita fiye da komai a duniya. Ya yar da gyaɗar, ya nufi gidan tsohon Rago mai koyar da dambe.

Ya tarar Rago na tambayar sababbin yaransa abin da ya kawo su.

Bunsuru ya ce, "Baba, so nake makaɗa su kira sunana, in kayar da na garin gaba."

Jaki ya ce, "Ni tumbi ne ya dame ni. Ɗan tudu kaɗan na hau sai haki."

Zakara ya ce, "Ni zuciya gare ni, Baba. Abu kaɗan sai in hau mutum da sara. Ina so in koyi danne ta."

Rago ya dubi Kurege. "Kai fa, ɗan ƙanƙani?"

"Nama."

"Nama kawai?"

"Da romo, in akwai."

Aka kwashe da dariya. Kurege ya kaɗa wutsiya ya ce, "Ku yi ta yi. Ni ban taɓa ƙoshi da kirari ba, haƙuri kuwa na sha shi a rami har ya ishe ni."

Aka fara horo. Ana gudu, Kurege na inuwa. Ana naushin buhun yashi, Kurege na inuwa. Abu biyu kaɗai suka shiga kunnensa: hannun bugu ana naɗe shi da tsumma a ɗaure da zare, sannan duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, ko da ko ƙwarzane bai samu ba.

Ranar wasa Kare ya cika alkawari. Kurege ya ci rabonsa, ya suɗe kwano, idonsa bai ƙoshi ba. Ya zaga bayan rumfa, ya ga kilishin Sarkin Pawa a shanye. Ba aljihu, ba jaka, to ina zai sa? Sai ya ɗora falle a hannu ya naɗe. Ya ƙara falle ya naɗe. Ya ƙara, ya naɗe, ya rufe da tsumma ya ɗaure da zare. Kafin ya gama, dunƙulensa ya fi kansa girma.

Da la'asar ya shigo fage yana jan hannu da ƙyar. Masu kalangu suka tsaya da kiɗa. Jama'a suka ce ai wannan hannu ba shi da abokin karawa a nan sai Kura, wadda ba a taɓa kai ta ƙasa ba.

Kura ta fito tana murmushin mugunta. Ta ce, "Ɗan yaro, in na kashe ka wutsiyar nan tawa ce. Dama ina neman abin korar ƙuda."

Tsoro na gaske ya kama Kurege. Rago ya matso ya raɗa masa, "Kwance naɗin ka ba da haƙuri, ba wanda zai zarge ka."

Kwancewa a gaban wa? Ga Kare zaune a kan buzu, haƙoransa a waje. In ya kwance, Kare. In bai kwance ba, Kura. Kurege ya ce a ransa, in dai za a raba ni da wutsiya, to a tsaye za a raba mu. Ya yi tsalle tsakiyar fage ya kama kirari:

"Ni ne Kurege na bakin rami,
ƙaramin da hannunsa ya fi shi.
Wanda ya sha naushina,
sai ya lashe baki ya nemi ƙari!"

Kalangu ya ɗauka. Kura ta kawo naushi, Kurege ya bi ta ƙarƙashinta. Ta kawo, ya bi ta ƙarƙashinta. Shi ko ɗaga hannun ya kasa. Amma ga rana, ga gumi, kilishi ya ɗau zafi ya fara magana. Kurege ya ga hancin Kura na rawa, ya ga yawu na zuba, ya ga ta daina kallon fuskarsa sai hannunsa.

Sai ya sa haƙori ya tsinke zaren, ya tattara ƙarfinsa duka ya wurga hannu. Naushin bai taɓa ko gashinta ba. Kilishi dai ya watsu a ƙasa, jawur da yaji.

Wallahi Kura ta yi ƙoƙari. Ta tuna sunanta, ta tuna makaɗa, ta ɗaga kai sama ta rufe ido. Hancin ne ya ƙi. Sai ga ta rub da ciki, hannu biyu da gwiwa biyu a ƙasa, tana lamushewa.

Fage ya ɗauka, "Kisa! Kisa!"

Kare ya miƙe yana shinshina. "Kai, wannan ba kilishina ba ne?"

Kurege ya buɗe ƙirji ya ce, "Ranka ya daɗe, laya ce. Wane ɗan dambe ne ba ya sa laya a naɗinsa? An taɓa tsare wani a ce ya faɗi abin da ke ciki?"

Kare ya duba ƙasa neman shaida, Kura ta lashe har da yashin. Dole ya koma ya zauna yana gurnani.

Kurege ya koma gida da wutsiyarsa, ana yi masa kiɗa. Amma labari ya bazu cewa naushinsa nama yake zubarwa. Da gari ya waye ya leƙo, sai ya ga duk wani mayunwacin dawa a bakin raminsa, kowa ya naɗa hannu, kowa na cewa shi za a fara nausa. Kura ce a gaba. Shi kuwa ko tsokar ƙuda ba shi da ita.

Ya sulale ta ƙofar baya, bai tsaya ba sai gidan Rago. Ya tsuguna ya ce, "Baba, koya mini na gasken."

Rago ya ce, "Wannan karon me ya kawo ka?"

"Wutsiyata."

"Wutsiya kawai?"

Kurege ya haɗiye yawu. "Da romo, in akwai."

Tun daga ranar ba a sake ganinsa a inuwa ba. Shi ya sa har gobe in kun haɗu da kurege a gona za ku ga ya miƙe kan ƙafa biyu, ya dunƙule hannu a ƙirji, yana harararku. In kuka matsa ya zura a guje, kada ku ce tsoro ne. Shi cewa yake yi horo yake.

Ƙurunƙus kan kurege, wutsiyarsa na jikinsa. Duk wanda zai shiga fage don nama, ya fara tabbatarwa abokin karawarsa ya fi shi kwaɗayi.