Kyauta Ashirin da Huɗu da Igiyar Akuya

Akwai wani magini a wani ƙauye kusa da garin Valjevo, a ƙasar Sabiya, sunansa Milutin. 'Yan uwa masu bin shafin nan, ku karanta a tsanake, don ni kaina duk sanda na tuna abin da ya faru a gidansa sai tsigar jikina ta tashi.

Shekara huɗu Milutin yana aikin gini a Jamus. Sau ɗaya yake zuwa gida a shekara, dab da Kirsimeti, ya yi kwana goma ya koma. A gidan akwai matarsa Dragana, da mahaifiyarsa tsohuwa Stana, da 'ya'yansa mata biyu: Zorka mai shekara takwas, da Lenka mai shekara biyar.

Ba mugun mutum ba ne, yana son yaran nan kamar ransa. Aibinsa ɗaya ne. Duk abin da ya kasa yi da jikinsa, gani yake aljihunsa zai yi masa.

A wannan shekarar ranar Asabar ya iso, yana jan wani ƙaton akwati shuɗi mai taya a cikin dusar ƙanƙara. Bayan an gaisa an ci abinci, yara suka fita ba akuya ciyawa. Sai ya kira matarsa da mahaifiyarsa ɗaki, ya buɗe akwatin yana murmushi kamar wanda ya ci gasa.

Dragana ta leƙa, ta riƙe haɓa. Ta kira shi da sunan da take kiransa a gida, ta ce, "Mile, kanti za ka buɗe mana?"

Ya ce, "Goma sha biyu na Zorka, goma sha biyu na Lenka. Kowane watan da ba na nan, kyauta ɗaya."

"Uku-uku sun ishe su. Ɗaya ta wasa, ɗaya ta sawa, ɗaya ta karatu. Bara takwas-takwas ka kawo, kafin kwana uku da kwalayen suke wasa."

Tsohuwa Stana ta ɗaga wata 'yar tsana ta juya ta, 'yar tsanar ta yi magana, ta yi maza ta ajiye. Ta ce, "Ubanka, Allah ya jiƙansa, lemo ɗaya yake ba ka. Ka shanye, ka yi kwana biyu kana shanshana ɓawon."

"Ai shi ya sa, Inna. Ni na shanshana ɓawo, 'ya'yana ba za su shanshana ba."

Tsohuwa ta ce, "To. Wanda ya ƙi ji..." Ba ta ƙarasa ba, ta fita duba tukunyar wakenta.

Akwai abin da Milutin bai faɗa wa kowa ba. A aljihun rigarsa akwai takardar sabon aiki na wasu shekaru biyu, sa hannunsa kawai take jira. Kyaututtukan nan su ne shimfiɗar da zai yi kafin ya kawo maganar. A hanya ma ya haɗu da maƙwabcinsa Obrad, mai gyaran rufin gidaje a Valjevo, wanda ya daɗe yana neman magini su haɗa hannu. Milutin ya yi masa dariya, ya ce, "Ni da na gina bene hawa ashirin zan dawo toshe yoyo?"

Kashegari ita ce Lahadin Ubanni, ta ƙarshe kafin Kirsimeti. An riga an yi ta yara, iyaye sun ɗaure musu ƙafa sun fanshi kansu da 'yan zane-zanensu. An yi ta uwaye, Dragana ta fanshi kanta da alawa da safa. Yanzu layi ya zo kan maigida. Yara za su lallaɓo da safe su ɗaure masa ƙafa, ba kwancewa sai ya ba da kyauta.

Da sassafe Milutin ya zauna kusa da murhu da kofin gahawarsa, ya buɗe jarida, ya miƙe ƙafafu, wai shi bai san komai ba. Akwatin yana gefensa.

Zorka ta rarrafo ta ƙarƙashin tebur da jan zaren saƙa, ta ɗaure ƙafarsa ta hagu a jikin kujera. Lenka kuwa da igiyar akuya ta zo. Ta zagaya ta sau uku a ƙafarsa ta dama, ta haɗa da ƙafar babban teburin nan da sai maza huɗu suke ɗaga shi. Ta ɗauki lokaci tana ƙulli, ta fito da ɗan harshenta, ba ta ko dariya.

Milutin ya sauke jarida. "Wayyo, an kama ni! Me zan bayar a sake ni?"

Ya fara da Zorka. Takalmin gudu a kan ƙanƙara ya miƙa mata, ta yi tsalle ta rungume shi, ta warware zarenta nan take. Ya miƙa ta biyu, ya miƙa ta uku. A ta biyar godiyar ta ragu. A ta takwas ba ta ko duban abin da ke ciki, yaga takardar kawai take ta ajiye. Da ta buɗe ta goma sha biyu sai ta zauna a tsakiyar tarin takardu kamar wadda ta yi noma, ta ce, "Shi ke nan, Baba?"

Dragana ta dubi mijinta. Ya yi kamar bai gani ba, ya juya wajen ƙaramar.

"Saura ke, gimbiya. Ga 'yar tsana mai magana."

Lenka ta mayar da hannuwanta baya. "Ba na so."

Ya yi dariya, ya ciro jar rigar sanyi mai hula.

"Ba na so."

Ya ciro ɗan gidan katako mai tagogi. Ya ciro fensira masu launi. Ya ciro agogo mai kiɗa. Ɗaya bayan ɗaya har goma sha biyu suka jeru a kan tebur, akwati ya zama wayam. Yarinyar tana tsaye, hannuwa a baya, ko ƙifta ido ba ta yi wa kayan ba.

Ƙararrawar coci ta buga. Obrad ya leƙo su tafi tare, ya tarar da mutum a ɗaure. Ya bushe da dariya. "Magini, wa ya gina ka a jikin tebur? Wannan aikin ya fi na Jamus ƙwari."

Ran Milutin ya fara ɓaci. Ya sunkuya zai kwance da kansa.

Tsohuwa Stana ta ce, "Kul. Tun da aka kafa ƙauyen nan ba a taɓa jin uban da ya kwance kansa ba. Ba a gidana za a fara ba."

Ya ɗago, ya sassauta murya da ƙyar. "Lenka, me kike so? Faɗa min, gobe in je gari in sayo."

"Ba komai."

"To me ya sa ba za ki karɓa ba?"

Ta dubi ƙafarsa, ba fuskarsa ba. Ta ce, "In na karɓa dole in kwance ka. Bara na karɓa, na kwance ka, sai ka tafi. Zorka ta ce waccan shekarar ma haka aka yi. Ni bana ba zan karɓa ba."

Obrad ya cire hularsa, ya ja ƙofa a hankali ya fita.

Tsohuwa Stana ta nemi kujera ta zauna, hannunta a ƙirji. Ta ce, "Ikon Allah. Tun lokacin girbi yarinyar nan take bi na in koya mata ƙullin da akuya ba ta iya zamewa. Kullum tana garke tana gwadawa. Ni na ɗauka wasa ne."

Milutin ya sunkuya. Ya dubi ƙullin da kyau. Shi da ya yi shekaru yana ɗaure katako a saman bene ya san ƙulli, kuma wannan babu kuskure a cikinsa ko ɗaya. Wata uku 'yar shekara biyar tana shirya yadda za ta riƙe ubanta, ba ta faɗa wa kowa ba. Shi kuma wata uku yana zagaya kantuna yana tara abin da, a wurinta, kuɗin sallama ne. Tsoro da kunya suka kama shi lokaci ɗaya, irin tsoron da mutum yake ji idan ya ga abin da ya fi ƙarfin wayonsa.

Bai je coci ba ranar. A nan aka kawo masa wake da burodi, abincin azuminsu na kafin Kirsimeti da ba a cin nama, ya ci a ɗaure. Lenka ta shiga ƙarƙashin tebur ta zauna, ta naɗe bakin igiyar a hannunta. Can barci ya ɗauke ta, kanta a kan takalminsa, amma ba ta saki igiyar ba.

Sai a lokacin ya lura da wani ɗan tabo a haɓarta. Ya tambaya a hankali.

Zorka ta ce, "Daga bishiyar tuffa ta faɗo, da bazara. Har ɗinki uku aka yi mata. Ba ta yi kuka ba sai da likita ya ce ina babanta."

"Me ya sa ba a faɗa min ba?"

Dragana ta ce, "An faɗa maka a waya, Mile. Ka ce za ka kawo mata wani abu."

Milutin ya juya wajen babbar. Ya ce Zorka ta matso ta ba shi labarin shekarar. Ta ba shi. Ranar da ta iya keke, Obrad ne ya riƙe mata. Ranar da akuya ta haifi uku. Ranar da ta yi karatu a gaban 'yan aji, ta hangi wani mai irin rigarsa a bakin ƙofa, ashe direban motar burodi ne. Kusan awa biyu tana magana, kayan nan ashirin da huɗu suna zube ba wanda ya waiwaye su. Ƙafarsa ta yi tsami, bai motsa ba don kada mai barci ta farka.

Da Lenka ta tashi, abin da ta fara dubawa shi ne ƙullin. Ya ɗauke ta ya ɗora a cinya.

Ya ce, "Lenka, al'ada ce, sai kin faɗi fansa. Ba dole daga cikin waɗannan ba. Duk abin da kika zaɓa a ɗakin nan naki ne."

Ta dubi tebur, ta dubi bango, ta dubi ƙasa. Sai ta nuna akwatin shuɗi. "Wancan."

"Ai babu komai a ciki."

"Na sani. Da shi kake tafiya."

Hawaye ya zubo wa Milutin a gaban 'ya'yansa, bai ɓoye ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro takardar aikin, ya miƙa wa Dragana. Ta karanta, ta dube shi. Ya karɓa ya jefa a cikin akwatin bai sa mata hannu ba, ya ja zif, ya tura wa Lenka.

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai ginin da na fara, sai na je na miƙa shi. Mako shida. Da leda zan tafi, akwati yana wurinki. Kafin bishiyar da ta kayar da ke ta yi fure, ina gidan nan."

Ta auna maganar, kamar tsohuwar alƙaliya. Sannan ta sauka ta kama ƙullin. Ya ƙi kwantuwa. Kakarta ta kawo wuƙa, Lenka ta ce a'a, igiyar akuya ce. Da farce da haƙori ta yi ta fama, gida duka suna jira, har ya saki.

Da yamma 'ya'yan maƙwabta suka shigo da zarurrukansu, su ma su ɗaure maigida su karɓi kyauta, kamar yadda aka saba. Zorka ta ware uku daga cikin kyaututtukanta ta riƙe, sauran ta raba musu da hannunta. Lenka jar rigar kawai ta ɗauka, ita ma don ana sanyi. Ta ja akwatinta, wanda ya kusa tsawonta, ta cusa a ƙarƙashin gado.

Milutin ya tafi da leda, ya dawo saura kwana huɗu mako shida ya cika. Yau shi da Obrad suke toshe yoyo a Valjevo, kuma har yanzu Obrad bai daina tsokanarsa da maganar bene hawa ashirin ba.

A gidan yanzu kyauta ɗaya-ɗaya ake bayarwa. Da zaren saƙa Lenka take ɗaure shi, ƙulli ɗaya sako-sako, ta karɓi abinta ta warware da sauri don kada karin kumallo ya huce. Ba ta ƙara ɗauko igiyar akuya ba.

Darasi: Kafin ka tambayi kanka kyauta nawa za ka ba yaro, tambayi kanka sau nawa ya neme ka bai same ka ba. Kyauta ɗaya daga hannun da ke kusa ta fi ashirin daga hannun da ke sallama. Ku tura wa duk wani uba ko uwa da neman abinci ya yi nisa da su, wataƙila a gidansu ma akwai mai koyon ƙulli a ɓoye.