Amsa-kuwwar Baƙin Yashi

Ku matso kusa, 'ya'yana, yau na zo muku da shari'a. Ni kaina da na koyar da masu shari'ar ilimin kimiyyar fiziya na kasa yanke ta.

Ɗalibaina ne su uku: Kubura, Tasi'u da Nafi'u. Jami'a ta yanke shawarar rufe ɗakin bincikenmu, sai fa idan mun ci gasar masu bincike ta ƙasa. Ɗaliban suka ce za su sa ƙarfe mai maganaɗisu ya yi amsa-kuwwa.

Ga yadda abin yake. A cikin ƙarfe akwai ƙananan ƙwayoyin zarra, cibiyar kowace tana juyawa kamar katantanwar wasa. Idan ka buga musu sautin rediyo sau ɗaya, sai su watse kamar awakin da aka kora daga bakin rijiya, wata da gudu, wata a hankali. Ka sake bugawa, kowace ta juyo da irin saurinta, duk su iso tare. Haɗuwar nan ita ce amsa-kuwwar, tana fitowa a allon na'ura kamar ɗan tsauni.

Kubura ce ta samo ƙarfen. A rafin garinsu ta ga baƙin yashi yana manne wa maganaɗisu. Damina guda ta yi tana tacewa, tana niƙawa, tana gasawa a tanderu, har wuta ta bar mata tabo a hannu. Sai da garin ƙarfen ya fito tas, babu gauraye.

Tasi'u ne ya ƙera na'urar. Ba mu da ita, ba mu da mai ba mu aro. Ya roƙo tsohon injin watsa shirye-shirye da wani gidan rediyo ya jingine, ya farke shi, ya naɗa wayar tagulla da hannunsa. Ta ƙone, ya sake. Ta kuma ƙonewa, ya kuma sakewa, har na'urar ta iya jin sautin da ya fi raɗa rauni.

Nafi'u ne mai lissafi. Shi ya gano zangon sautin da ƙarfen zai amsa. Ranar gasa alƙalai suka zo, aka kunna, allo shiru! Aka ƙara ƙarfi, shiru! Shugabar alƙalan ta ɗauki jakarta. Sai Nafi'u ya daka tsalle.

"Hajiya, don Allah dakata! Tasi'u, rage ƙarfin! Maganaɗisun da ke cikin ƙarfen da kansa yake ninka sautin, mu ne muke kurmantar da shi!"

Tasi'u ya murɗa ƙasa. Kai! Sai ga tsaunin ya miƙe, kore shar! Kubura ta fashe da kuka, Tasi'u ya rungumi Nafi'u har suka ture kujera, ni kuwa hulata ban san inda ta faɗi ba.

Muka ci gasa, ɗakin bincike ya tsira. Amma shugabar ta ce lambar yabon guda ce, kuma mai ita shi kaɗai zai tafi ƙasar waje ya ci gaba da binciken. Ta dube ni ta ce, "Farfesa, ba mu suna ɗaya."

To, Kubura mai ƙarfe, Tasi'u mai na'ura, Nafi'u mai lissafi: da ku ne a tsaye a wurina, sunan wa za ku kira?