Rijiyar Zaki a Kan Tudu

Ƙawata, ga ta nan, ga ta nanki. Ce ta zo mu ji!

Tafki ya ƙafe, Sarki Zaki ya sa aka haƙa rijiya a tudun fadarsa. Aka haƙa gaba goma, sai ƙura. Uwar Kwaɗi ta ga 'ya'yanta na bushewa, ta durƙusa: "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya jin gurnani. Yana can kwari."

Raƙumi falke ya ce, "Ina da guga, amma Kura ta tare hanya."

Zaki ya ƙyalƙyale da dariya: "Ashe aikina ke nan!"

Uwar Kwaɗi ta nuna wuri a kwari, aka haƙa, Raƙumi ya ja guga, Zaki ya yi gadi. Gaba uku, Allah ya ba da ruwa.

Ƙurunƙus kan kwaɗo! Sarki dai cewa yake shi ya gano wurin. Kada ki gaya wa kowa.