Mijina da Fim ɗin Bayi

Mijina Ɗan Azumi mutum ne mai ƙwazo, amma ba shi da haƙuri, kuma ba ya son a ce masa yi. Sunana Rashida. Karatuna bai yi nisa ba, saboda haka zan faɗi abin yadda ya faru kawai.

A gidanmu na Madarunfa noman gandu ake yi. Surukina Malam Mahaman shi ne mai gandu. 'Ya'yansa su yi aiki a babbar gona daga safe zuwa azahar, hatsin ya shiga rumbu ɗaya, shi ke buɗewa ya auna wa kowace mace. Da yamma kowa ya tafi gamanarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa, abin da ya samu a nan nasa ne.

Wata rana da bazara abokinsa Sule ya tura masa wani fim a waya, wanda aka fassara da Hausa. Muka kalla tare a inuwar itacen bedi ina tankaɗe. An kama mutane a garinsu, an ɗaure su, an kai su wata ƙasa suna yi wa wani Bature noman rake ana dukansu da bulala. A ƙarshe ɗaya daga cikinsu ya tsinke mari ya gudu.

Maigida ya ajiye wayar ya ce, "Kin gani ko? Mu ne waɗannan. Mu noma, wani ya riƙe makullin rumbu."

Na ce, "Haba maigida, Baba ne fa. Wane bawa ne ubangijinsa ya yi wa aure ya yanka masa gona?"

"Ke tuwo kawai kika sani. Ma'anar fim ɗin ita ce, duk mai ci daga hannun wani bawa ne."

Na ce, "Ni abin da ya tsaya mini a rai, mai bulalar nan. Shi ma bawa ne kamarsu, kuma ya fi Baturen mugunta."

Ya yi dariya ya ce na bar jaki ina dukan taiki.

Da ruwan shuka ya sauka, ya je ya ce wa mahaifinsa ya fita daga gandu. Sule ya samar masa aikin haƙar zinariya a wani daji bayan Ɗan Isa. Baba ya ce, "Ka bari a yi girbi, in raba maka gonarka da hannuna a gaban 'yan'uwanka. Ramin zinariya da damina kabari ne." Maigida ya ce ya gaji da jira. Ya hau bayan babur ɗin Sule, ko sallama bai yi wa tsohon ba.

Da farko yana kira yana fara'a. Daga baya kiran ya ragu, kuma da wayar wani yake yi. Mai ramin ya karɓe wayarsa da katinsa na shaida, wai ajiya. Abinci kawai ake ba su, ba mai tafiya sai ramin ya ba da zinariya.

Wata rana da ya kira na ce, "Ka baro musu katin ka gudo. Baba ya ce gamanarka tana nan, yayanka ne ke nome ta."

Ya ce, "Da wane ido zan kalle su? In dawo hannu biyu a yi mini dariya a bakin tabki?"

"A yi dariyar! Ni da 'yarka Hafsa ba mu ce ka kawo komai ba. Ka dawo kawai."

Ya ce sai ya samu ko kaɗan ne. Aka karɓe wayar.

Ranar da aka wuni ana ruwa na kasa zama. Na durƙusa gaban surukina ina kuka, na ce a je a taho da shi ko da ɗaure shi za a yi. Da safe muka shiga mota, ni da Baba. Daga Ɗan Isa muka hau babura, inda laka ta hana mu muka taka da ƙafa.

Tun daga nesa muka ji ihu. Ramin ya rufta da masu haƙa, har da maigida. Mutane suna tonon laka da shebur, wasu da hannu. Na faɗa cikinsu ina tono har farcena ya fita. Ban taɓa kiran sunan mijina da bakina ba, amma ranar na kira shi har muryata ta dushe. Mai ramin kuwa ya gudu.

Sule yana zaune a gefe riƙe da igiya. Baba ya ce, "Kai ka sauke shi?"

Ya ce, "Baba, ya ce mini ƙasar ta jiƙa, ba zai shiga ba. Ni na matsa masa. An ce in ban sauke su ba, ni zan shiga. Ni ma katina yana hannun mutumin."

Sai la'asar aka fito da shi. Baba ya cire rawaninsa ya rufe masa fuska, ya ce masa, "Taso mu je gida." Haka muka taho da gawarsa Madarunfa.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne: kada ka kalli wahalar wasu a waya ka yi saurin cewa taka ce. Ba duk wanda ya ce maka yi ne ya mallake ka ba, kuma ba duk wanda ya ce maka taho ne zai 'yanta ka ba. Bawa shi ne wanda ba shi da ikon cewa na fasa. Mijina yana da wannan ikon a gidan ubansa, gaggawa ta fitar da shi, girman kai ya hana shi dawowa. In ka yi kuskure, ka koma gida tun kana iya takawa da ƙafarka. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri.