Tururuwa a Nonon Furera

Akwai wata mata a Deule, sunanta Furera. Ta haifi ɗanta na fari a shekarar 1984, shekarar da damina ta ƙi.

Uwar mijinta, Inna Hajo, ita ce ungozomar unguwa, kuma ba a ja da ita. Ta sa aka tatse dakashi, wato nonon farko mai kauri, aka zubar. Ta tatsi na bayansa a ludayi, ta jefa tururuwa a ciki don ta gwada shi. Tururuwa ta yi iyo kaɗan, ta mutu.

Hajo ta ce nonon mugu ne, yaro ba zai sha ba. Aka koma ba shi ruwa da nonon akuya.

Kwana huɗu yaro yana zawo. Kukansa ya koma kamar na kyanwa. Furera na zaune, ƙirjinta ya cika har yana zuba a zane. Tana kallon ɗanta yana ramewa, amma kunyar ɗan fari ta hana ta magana. Ta gwada wa mijinta Sha'ibu, ya ce Inna ta fi su sani, ya fita.

Rana ta biyar Biba ta zo, Bafulatanar da ke kawo nonon akuyar. Ta buɗe zanen yaro, ta daɗe tana dubansa. Ta tambayi dalili, Hajo ta faɗa mata da gadara.

Biba ta ce, "To Inna, gwada min nawa. Kada in kashe muku ɗa."

Hajo ta jefa tururuwa a nonon akuya. Ita ma ta mutu.

Biba ta ce, "Wanga ma mugu ne ke nan? Mi za ki ba shi yanzu?"

Furera ba ta jira kowa ba. Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗanta a gaban surukarta, ta sa masa nono. Da ƙyar ya kama, amma ya kama.

Yaron ya rayu. Hajo ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Washegari dai ta dama kunun kanwa da kanta, ta ajiye a ƙofar ɗakin Furera, ta ce a sha da zafi.

Darasi: Nonon uwa, tun daga dakashi, shi ne abincin jariri. Mai jego abinci da goyon baya take bukata, ba gwaji ba. Kunya da girman kai kada su hana yaro mama. Ku tura wa duk gidan da ke jiran haihuwa.