Ƙofar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ta zo mu sha labari!

Bushiya ce ta matse ƙofar raminta tun 'ya'yanta na jarirai, don kada Dila ya zura hannu. Yara suka girma suka watse, ƙofa tana nan yadda take.

Rannan autarta ta dawo gida haihuwa da tsohon ciki, ƙofa ta yi mata kaɗan.

"Inna, a fasa ƙofar nan mana!"

"A fasa? Nan fa kuka koyi tsayuwa. Dubi shatin faratanku a bangon."

"To, in haihu a waje ke nan?"

Bushiya ta daɗe tana shafa bangon. Can ta ce, "Matsa, 'yar nan." Ta rushe shi da hannunta.

Ƙurunƙus! Tatsuniya ta shige rami.